Tarin Dutse

"Ku ajiye ni nan, kusa da kaskon," in ji Baba Raphaël.

Matarsa, Mama Angélique, tana riƙe da hannunsa, ni kuma ina ɗauke da kujerarsa ta roba. Daga ƙofar ɗakinsu zuwa bakin titi ba nisa, amma sau biyu ya tsaya ya dafa bango. Yana zama sai tarin ya taso. Busasshen tari ne mai tsawo, kamar ana jan buhu a kan siminti. Na tsaya ina kallon ƙasa har ya lafa.

Ƙarfe bakwai na safe ne. A da, irin wannan lokacin ba ka samun wurin tsayawa a gaban kaskon Mama Angélique. Shekara goma sha ɗaya tana soya makala, wato fanke, a wannan kwana ta Jambutu, tana haɗawa da wake da kunu. 'Yan kilando, masu ɗaukar mutane a babur, nan suke karyawa kafin su shiga cikin Garwa. Ranar nan tire cike yake, benci ba kowa. Mako na uku ke nan.

Alhaji Hanzala, mai gidan da muke haya mu da su, ya tsallako titi daga shagonsa. Ya tsaya daga nesa, hankici a hanci.

"Raphaël, an tashi lafiya?"

"An tashi, Alhaji. Matso mana, ba na cizo."

"Daga nan ma ina ji." Ya juya wajen Mama Angélique. "Madam, ai mun yi magana. Mai tarin fuka ba ya zama kusa da abinci. Ki mayar da shi ɗaki, ko mutane sa dawo."

"Mako uku yana ɗaki," in ji ta, ba ta ɗago daga kaskon ba. "Wa ya dawo?"

Baba Raphaël ya ɗaga hannu, alamar a jira shi. Sai da ya ja numfashi sau uku kafin magana ta fito.

"Ba tarin fuka ba ne. Tarin dutse ne. Shekara goma sha tara na yi ina tara shi. Nawa ne ni kaɗai, Alhaji. Ko ka roƙa ba zan iya sam maka ba."

"Tari dai tari ne," in ji Alhaji, ya koma shagonsa.

Sai na ji muryar Inna daga cikin gida tana kiran sunana, irin kiran da ba a jira na biyu.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nasu, famfo ɗaya muke ɗiba. Su Kirista ne, daga duwatsun wajen Mokolo suka zo tun kafin a haife ni. Ba su da ɗa. Babana direban babbar mota ne, tsakanin Garwa da Ngawundere, ya fi kwana a hanya, saboda haka in kwan lantarki ya mutu ko ƙofa ta cije, Baba Raphaël ake kira. Hausarsa a wurin fasa dutse ya koye ta, wajen direbobin tifa. Shi ya sa mini suna Malama Shiru, don ko gaisuwa sai an matso ake jin tawa.

Aikinsa shi ne riƙe marto, injin da ake huda dutse da shi kafin a sa nakiya. Ina ƙarama ina ganinsa da yamma yana dawowa fari fat, har gashin ido, kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Shekara huɗu da suka wuce numfashi ya fara gagararsa, aka sallame shi. An taɓa ba shi maganin tarin fuka na wata shida, bai yi masa komai ba. Duk wannan ba wanda ya damu da shi a unguwa. Sai watan jiya, da likita ya sake tura su gwajin majina, wata mata ta gan su a layin ƙofar masu tarin fuka. Kafin su dawo gida labarin ya riga su. Washegari 'yan kilando suka koma wajen mai shayi.

Inna ta hana ni shiga wajensu. Amma ruwa dole a ɗiba, kuma famfon a ƙofarsu yake.

Ranar Laraba da azahar, Inna ta tafi barka, ina tara ruwa, ya kira ni daga inuwar rumfarsu.

"Malama Shiru, shiga ɗaki ki ɗauko mini radiyo. Yana kan akwati."

Na shiga, na ɗauko 'yar rediyonsa mai ɗaure da roba, na miƙa masa hannu biyu. Ya dube ta, ya dube ni, sai ya fara dariya. Dariyar ta koma tari, har Mama Angélique ta fito daga kicin da gudu tana buga masa baya.

"Za ki kashe ni kafin ranata," in ji shi, yana share ido. "Wannan ta labarai ce. Ɗayan nake nufi, na ƙirji."

Ashe a asibiti, da Faransanci, hoton ƙirji shi ma radiyo ake ce masa. Yana cikin babban ambulan mai ruwan ƙasa, a ƙarƙashin rediyon da na ɗauka. Ya zaro wani baƙin faifai mai laushi, ya ɗaga shi saitin rana. Na ga haƙarƙari jere, kamar na akuya a teburin mahauci.

"Likita ya ce nan duk baƙi ya kamata ya zama. Baƙi iska ce. Kin ga farin nan, kamar an watsa gero? Kin ga manyan nan biyu a sama? Dutse ne. Kwaltar da kike takawa zuwa kasuwa, ragowarta ce a nan."

"Ba a iya cirewa, Baba?"

"Da me? Da cokali?" Ya huta. "Kowace Asabar mai kamfani yakan ba mu gwangwanin madara ɗai-ɗai, wai tana wanke ƙura. Mu sha, mu yi godiya. Madara ciki take zuwa, ƙura kuma ƙirji. Ko hanya ba su haɗa ba. Ba wanda ya gaya mana."

Ya zaro wata takarda mai hatimi, wadda ya roƙi likita ya rubuta masa. Ya ce in karanta. A aji uku na bar makaranta, amma ina iya haɗa baƙi in ba a gaggauta ni ba. Na bi da yatsa a hankali. Akwai wata kalma, silicose, da ban taɓa gani ba. Sauran na gane. An nemi tarin fuka sau uku, ba a samu ba. Ciwon ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum.

"Yauwa," in ji shi. "Haka za ki karanta ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar shagon Alhaji."

Nan ne dattawan layinmu da 'yan kilando suke zama a kan tabarmi. Ni ko aike ne, ta bayan shagon nake bi.

"Ba zan iya ba, Baba. Akwai masu ilimi."

"Akwai. Na ba biyu, kowa ya ce bari ya wanke hannu, bai dawo ba. In na faɗa da bakina, sai a ce mai ciwo ne yake kare kansa. In Angélique ta faɗa, sai a ce makala take son sayarwa. Ke kuwa 'yarsu ce. Kuma ba wanda ya taɓa jin muryarki. Za su saurara ko don su ji yadda take."

"Ka bar yarinya," in ji Mama Angélique. "Uwarta za ta yanka ta."

Bai kula ta ba. Ya sa faifan a ambulan.

"Lailatu," ya ce. Bai saba kirana da sunana ba. "Ni tafiya zan yi, wannan an gama. Ba ita ke damuna ba. In na tafi da sunan tarin fuka, kaskon nan ya mutu tare da ni. Matar nan ba ta da gona, ba ta da kowa a duwatsun garinsu, duk sun ƙare. Kaskon ne gonarta. Ba zan bari a binne shi da ni ba."

Na ɗauki bokitina na shige.

Ranar Juma'a da la'asar na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Roger ne, abokin aikinsa na dā, wani dogo mai furfura, shi ma yana ɗan tari. Sun shimfiɗa tabarma a cikin amalanken, sun zaunar da Baba Raphaël. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, duk da zafin watan Afrilu, kwat ɗin ya yi masa yawa kamar na aro. Ambulan yana kan cinyarsa. Bai kira ni ba. Ya dai dubi ƙofarmu sau ɗaya, Roger ya tura.

Inna tana salla. Na ja mayafina na bi su.

Mutum kusan ashirin ne a ƙofar shagon, a ƙarƙashin dogonyaro. Da suka ga amalanken sai hira ta tsaya. Waɗanda ke bakin tabarma suka ja baya.

"Salamu alaikum," in ji Baba Raphaël. "Kada kowa ya tashi, ba kujera na zo nema ba, da tawa na zo."

Wasu suka amsa. Alhaji Hanzala ya ce, "Raphaël, wannan kuma fa?"

"Shaida na kawo." Ya miƙo mini takardar ba tare da ya juyo ba, kamar ya san ina bayansa.

Na karɓa. Baƙaƙen suna rawa a idona. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake, abin da ya fito ni kaɗai na ji shi.

"Ba mu ji ba," in ji wani ɗan kilando daga baya.

"Ku yi haƙuri da ita," in ji Baba Raphaël. "Muryar sabuwa ce, yau aka ɓare ta daga leda."

Aka yi dariya, har da Alhaji. A cikin dariyar nan na samu na fara. Na karanta da Faransanci, layi-layi, yatsana a kan takarda. Na yi tuntuɓe a silicose, na koma na sake faɗa. Da na gama na faɗa da Hausa, idona a ƙasa: ƙurar dutse ce ta cika masa huhu, an gwada tarin fuka sau uku babu, kuma ba a ɗauka. Wani dattijo ya juya wa na kusa da shi da Fillanci.

Baba Raphaël ya zaro faifan ya miƙa. Ba wanda ya motsa. Daga baya Alhaji ya taso, ya kama gefensa da yatsa biyu, ya ɗaga sama.

"Ina dutsen? Ni ƙashi kawai nake gani."

"Juya shi, Alhaji. Ka sa ni kai a ƙasa."

Ya juya. Mutane suka taso suna leƙe ta kafaɗarsa. Ɗan kilandon nan ya ce lallai ga wani abu kamar tsakuwa. Wani ya ce shi gajimare yake gani.

Sai Roger ya yi magana, da Hausarsa mai nauyi. "Mu bakwai ne masu marto. Huɗu sun mutu, da wannan tari. Matansu suna nan, 'ya'yansu suna nan, ku je ku gani, ba mai tari. Madam ɗin nan shekara huɗu tana kwana ɗaki ɗaya da shi. Kun taɓa jin ta yi tari? In faɗa ne, e, kun ji."

Aka sake dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Alhaji ya mayar da faifan, ya goge yatsunsa a jikin riga.

"Mun ji takarda," ya ce. "Allah ya ba ka lafiya, Raphaël. Amma ba a tilasta wa mutum abin da zai sa a cikinsa."

"Ban ce a tilasta ba. Wanda bai son makala kada ya ci. Amma kada ya ce ni ne dalili. Ya ce rowa ce." Ya tsaya, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. "Gobe da bakwai ina bakin kaskon. Litinin ma. Roger, mu je, na gama."

Da na shiga gida, labari ya riga ni. Inna tana zaune a bakin gado, carbi a hannu.

"A gaban maza, Lailatu? Ke?"

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Kin san abin da tarin fuka yake yi? A Kolofata ya shiga gidanmu. Ya ɗauki ƙanena Muhammad, ya ɗauki matarsa, ya ɗauki jaririnsu, duk cikin shekara ɗaya. Ko a rijiya, sai kowa ya gama muke ɗiba. Ni na wanke kwanukansu. Ke kaɗai gare ni."

Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Me takardar ta ce? Faɗa mini daidai, kada ki ƙara."

Na faɗa. Ta ce in sake, na sake. Ta tashi ta ɗora tukunya.

Asabar da safe mutum biyu suka zo. Ɗaya ya saya a leda ya tafi da ita. Ɗayan, ɗan kilandon nan, ya ci a tsaye daga nesa, yana waige-waige. Lahadi ba ta soya, suna da coci. Litinin mutum ɗaya. Mama Angélique ta ce fulawa kawai ake ɓatawa, gara ta bari. Baba Raphaël ya ce ko kaji ne za su ci, sai an soya.

A lokacin ya daina kwanciya, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. A zaune yake barci. Ƙafafunsa sun kumbura, leɓɓansa sun yi duhu. Magana ɗai-ɗai take fita.

Talata da safe Roger ya zo ya fito da shi. Ina sharar ƙofar gida, ina ganinsu. Wuta ta kama, mai ya fara ƙara a kasko. Mama Angélique tana zaune hannu a haɓa, tana kallon titi.

"Man ya yi zafi," in ji Baba Raphaël. "Zuba."

Ta ja tsaki, ta wanke hannu, ta fara yanka ƙullin cikin mai. Kasko ɗaya ya soyu, ta kwashe, ta zuba na biyu. Ni na fara lura. Kansa ya karkata gefe, kuma ƙarar nan ta ƙirjinsa da muka saba ji ko ta bango, babu ita. Na ajiye tsintsiya. Na ce, "Mama." Wannan karon an ji ni.

Ta juyo ta dube shi. Ta koma ta kwashe na cikin man, ta janye itace daga wuta, sannan ta je ta durƙusa a gabansa ta kama hannuwansa biyu. Tana yi masa magana da yarensu na dutse, a hankali, kamar tana yi masa faɗa.

Mutane suka taru a tsallaken titi. Roger shi kaɗai ba zai iya ɗaga shi ba. Sai ga Inna ta fito da sabon zaninta. Ta ratsa ta gabana, ta lulluɓe shi, ta tallafi kansa, ta ce da maza na tsallake, ba da ƙarfi ba, "Mace za ku bari ta ɗauka?" Mutum uku suka tsallako.

Washegari 'yan cocinsu suka binne shi. Mata suka kwana bakwai a wajen Mama Angélique suna waƙoƙinsu. Alhaji Hanzala ya zo gaisuwa, ya tsaya a ƙofa, ya ce in tana son komawa garinsu a gaya masa da wuri, akwai mai neman ɗaki.

"Garina ke nan," in ji ta.

Rana ta tara ta hura wuta. Na taya ta fito da benci da tire. Bakwai ta yi, bakwai da rabi ta yi. 'Yan kilando suna wucewa, wasu su rage gudu su ɗaga hannu su ce sannu da haƙuri, su zarce wajen mai shayi. Makala ta cika tire tana hucewa.

Na ji an buɗe ƙofarmu. Inna ce, da babban mayafinta na zuwa biki. Tun da nake ban taɓa ganin ta ci ko gyaɗa a waje ba. Takan ce matar aure da ke tauna a titi ba ta da mafaɗi. Ta zo ta zauna a tsakiyar bencin, ta gyara mayafi.

"Madam, zuba mini. Da wake."

Mama Angélique ta ɗauko leda.

"Ba a leda ba, nan zan ci. Ina kwanon da yake ci a ciki?"

Mama Angélique ta dube ta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani kwanon silba mai lotsattsen baki. Ta ɗauraye, ta zuba wake, ta ɗora makala huɗu.

Inna ta yi bismilla. Ta juya ta fuskanci titi, saitin shagon Alhaji, inda dattawa suka fara shimfiɗa tabarmi. Ta gutsura, ta dangwala a wake, ta kai baki. A hankali take taunawa, ba ta kallon kowa, mai yana sheƙi a yatsunta. Wani babur ya rage gudu a kwanar, mai shi ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallo.

Mama Angélique ba ta ɗago ba. Ta tura itace guda cikin murhu, ta sunkuya tana hurawa.